Jinin Mahauci

Shekara talatin da takwas ina zubar da jini a mayankar Kumasi,
ban taɓa tambayar inda yake zuwa ba.
Kwata ta sha, ƙuda ya sha, famfo ya kore saura.
Yau ga ni kwance, rigar asibiti buɗe ta baya,
ana lissafin nawa jinin kamar dukiyar marayu.

Gwiwar ce ta riga ni tsufa.
Cinyar sa a kafaɗa, kullum, tun kafin assalatu,
har guringuntsi ya cinye, ƙashi ya koma goga ƙashi.
Salla a kan kujera.
Goshina ya yi kewar ƙasa.

Dakta Frimpomaa ta ja fatar idona,
ta ce, da Hausar da ta tsinta a Aboabo,
"Baba Labaran, tulunka bai cika ba.
Ba na ɗaukar wuƙa sai ya cika."
Wata biyu ina haɗiyar ƙwayar ƙarin jini,
miyar kontomire safe da dare,
da hanta,
ni da na saba sayar da ita in ci ƙashi.
Maganin ciwon da nake sha kamar gyaɗa, ta ce a ajiye,
wai yana tsinka jini.
Jiƙon saiwa ma ta sa na rantse.

Azumi, autata, ta je ta miƙa hannu,
aka ɗebi leda guda aka sa a firji,
ko da tsautsayi.

Ranar, allura ɗaya a gadon baya,
daga cibiya zuwa ƙasa na zama na wani.
Aka sa labule tsakanina da ƙafata.
Suka ɗaura wa cinyar ɗamara mai shan iska,
ta kumbura, ta tare wa jini hanya.
Wata allura ta bi jijiyar hannu,
aka ce aikinta gadin gudan jini, kada ya narke tun bai toshe kafa ba.

Sai wari.
Na san shi, warin babbakar kai da ƙafa ne.
Ashe ita ce ke bin bakin jijiyoyi da wuta,
ɗaya bayan ɗaya, ba gaggawa.
Zarto ya yi kuka, guduma ta amsa.
Na so in ce mata ni da gatari nake yi.
A gefe wata nas na ƙirga auduga,
baako, mmienu, mmiensa,
tana ɗora jiƙaƙƙun a kan sikeli
yadda nake auna tsoka ga mai ciniki da ƙorafi.

Mu in mun yanka, so muke ya tsiyaye tas,
nama mai jini ba ya kwana.
Ita kuwa ɗigo in ya faɗi sai ta san dalilinsa.

Da aka sassauta ɗamarar, ɗakin ya yi tsit.
Na ji ta ce, "Yawwa."

Dare da ƙanƙara a gwiwa, bandeji, ƙafa bisa matashi.
Da safe na tambaya, nawa ya tafi?
Ta ce, "Bai kai kofin koko biyu ba."
Na yi dariya har ɗinkin ya ja ni.
Ni da akuya guda ke cika mini ƙwarya!

Ledar Azumi ba a huda ta don ni ba.
Nas ta ce an kai ta ɗakin haihuwa cikin dare,
ba ta faɗi suna ba, ni ma ban nema ba.

Da la'asar Sallau, yarona na mayanka, ya shigo da lemo,
hannun rigarsa ja wur bai ma lura ba.
Na daɗe ina kallon wurin.
Na ce, je ka wanke tukuna,
ka dawo ka riƙe ni,
an ce yau in yi taku uku.